Ranar da Gwaggo Ƙulu ta ɗaure min hannuwa

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin wannan labari. Idan kun ga harafi ya tsallake a rubutun yau, ku yi min uzuri. Yatsuna sun yi jawur da lalle har sun doshi baƙi, kuma duk lokacin da na kalle su a kan waya sai haushi ya taso min, dariya ta biyo bayansa. Bari in bi da ku daki-daki, don kada wanda bai san ni ba ya ɓata.

Sunana Zubaida, shekaruna ashirin da tara. A nan Libreville aka haife ni, a unguwar PK8 muke zaune, bayan masu sayar da katako. Babana, Alhaji Ɗanlami, Bakano ne, ya zo ƙasar nan tun yana saurayi, atamfa da shadda yake sayarwa. Ni kuma ina aiki a Owendo, a wani kamfani da ke fitar wa 'yan kasuwa kwantenoni daga tashar jiragen ruwa. Aikina takardu ne. In haɗa dosiye, wato fayil ɗin takardun kaya, in bi shi ofis-ofis har kaya su fita. Shekara biyar ina yi, ba a taɓa dawo min da dosiye saboda kuskure ba. A da, da alfahari nake faɗin wannan maganar.

Ummana ta rasu ina da shekara goma sha bakwai, daga nan gidan ya dawo hannuna. Da yake na yi karatun Faransanci har jami'a, sannu a hankali unguwar ma ta dawo hannuna. Takardar asibiti, wasiƙar makarantar yara, sabunta katin zama, duk wurina ake kawowa. Ranar Lahadi falonmu kamar ofishin gwamnati. Madam Dosiye suke ce min. Ina da littafi mai baƙin bango da biro kala uku: ja na gaggawa, shuɗi na gida da unguwa, kore na abin da ya shafe ni ni kaɗai. Jan biro duk wata nake sayen sabo. Koren kuwa shekararsa biyu, ko rabi bai yi ba.

Tun watan azumi jikina yake aiko min da saƙo. Fatar idona ta hagu ta riƙa rawa. Sai in karanta layi ɗaya sau huɗu in rasa me ya ce. Wata safiya na nemi wayata har na makara, ashe tana cikin firij kusa da tumatir. Ran nan a taksi, mun maƙale a cunkoson hanyar Owendo, ba wanda ya ce min komai, kawai na ga hawaye na sauka a kan jakata. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi min, na ce mata mura ce. Likitar da na gani ta auna ni sama da ƙasa, ta ce ba wata cuta, gajiya ce ta taru, in huta kafin jikin ya ƙwaci hutunsa da kansa. Na ce to. Na buɗe littafi na rubuta da koren biro: Lahadi, huɗu zuwa huɗu da rabi, hutu. Ranar Lahadin mutum uku suka zo da takardu, na soke shi da ja.

Yanzu ga Abdulƙahar. Mutumin Garwa ne ta arewacin Kamaru, yana da shagon tayil da famfuna a bakin titi nan PK8. Dogo ne mai sanyin magana, Hausarsa da ɗan gardin Fillanci. Haɗuwarmu ta farko dosiyen kwantenar tayil ya kawo, na zagaye masa kurakurai uku da jan biro, na miƙa masa ko kai ban ɗago ba. Washegari ya dawo da gyara, haɗe da wata farar takarda da ya rubuta lambar wayarsa a kai, ya ce in duba ko ita ma akwai kuskure. Shekara ɗaya da rabi ke nan.

Tun bara ya ce zai turo manya. Mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifinsa ne zai shige gaba, Bappa Saïdou, dattijo mai ciwon gwiwa da ke zaune can Garwa. Da aka sanar da Baba sai ya faɗi abin da ya saba faɗa a kan komai, daga gyaran famfo har sayen ragon layya: a tambayi Zubaida. Aka tambaye ni, na buɗe littafi. Karo na farko na ɗaga saboda jirage uku sun iso a mako ɗaya. Na biyu saboda jarrabawa, don ina karatun digiri na biyu da yamma, kuma a wannan karon Bappa har ya iso, ya yi kwana biyar ya koma. Na uku kuwa kunyar faɗa nake ji. Labulen falonmu ne ya koɗe, tela bai gama sabo ba, ni kuma ban ga yadda baƙi za su taso daga wata ƙasa su zauna a gaban labulen da Umma ta saya tun ina firamare ba.

Ranar Alhamis da ta wuce na kai wasu takardu unguwar Plaine Orety, Abdulƙahar ya zo ɗaukata a akori-kurarsa ta dakon tayil. Na shiga na gaishe shi, na ci gaba da amsa saƙonni. Ban ankara ba sai na ji ya faka a gefen titi ya kashe mota.

“Bappa ya iso jiya,” ya ce. “Lahadi da safe zai koma.”

Na ce na sani, na rubuta, Asabar bayan azahar. Idona na kan waya.

“Ya yi min wata tambaya a hanya. Ya ce, Abdu, ka tabbata yarinyar nan ba wani take so ba?”

Sai a lokacin na ɗago. “Me ka ce masa?”

“Na ce ban sani ba.”

Raina ya ɓaci. Na fara lissafa masa abin da ke kaina, wa zai yi girki, wa zai aro kujeru, wa zai zaɓa wa Baba rigar da zai sa, wa zai sayo goro mai kyau ba wanda ya bushe ba. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce a garinsu da garinmu duk ɗaya ne, yarinya ko leƙen falo ba ta yi ranar neman aurenta. Maza ne da goro da addu'a.

“Sau uku kina ɗaga taron da ba a gayyace ki ba, Zubaida,” ya ce. “Bappa ya ce in ba a yi wannan Asabar ba, ba zai sake tasowa ba. Ni kuma ba zan sake roƙonsa ba.”

Da tsawa ya yi min, da na san abin da zan mayar. A hankali ya faɗa, yana kallon titi, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Na yi masa alkawari. Da na isa gida na zagaye Asabar ɗin da biro duka ukun.

To, ga abin da na aikata washegari, ku yi min hukunci da kanku. Ranar Juma'a da yamma shugabarmu, wadda kowa ke kira Madam, ta leƙo ofis ta ce akwai kwantenar kaji masu ƙanƙara da dole a gama takardunta gobe, in ba haka ba kaya su lalace. Ta tambaya wa ke da aikin Asabar. Jadawali na manne a bango, sunan Aminata ne a kai, abokiyar aikina 'yar Mali wadda teburinta ke kusa da nawa. Kafin Aminata ta buɗe baki hannuna ya riga ya ɗagu. Wallahi ban san lokacin da ya ɗagu ba. Madam ta ce madalla, Zubaida ba ta ba da kunya. Na ji daɗin maganar har cikin raina, na tattara dosiyen na sa a jaka na taho da shi gida, don kada wani ya taɓa min.

Bayan magariba na zayyana wa Baba tsarin. Zan fita ƙarfe bakwai in dawo sha biyu, in ɗora girki. Idan aka samu tsaiko a tasha, sai a kira baƙin a mayar da zuwan bayan la'asar. Idan abin ya faskara, ai akwai safiyar Lahadi kafin Bappa ya kama hanya. Baba ya shafa gemu ya ce, “Yadda kika ce.”

Gwaggo Ƙulu na zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Yayar Baba ce, gida biyu ke tsakaninmu, turaren wuta take haɗawa, kuma duk ƙunshin matan unguwa ita ke yi. Sai da Baba ya fita masallaci ta ce in miƙo hannuna ta gani. Ta juya shi gaba da baya, ga tabon biro, ga farce a gutsure.

“Wannan hannun mace ne ko na bakanike?” ta ce.

Ta ce Hawaou, yayar Abdulƙahar, za ta iya shigowa ciki gaisuwa, kuma ita ba za ta yarda a ga 'yar ƙaninta haka ba. Na ce Gwaggo ba biki ba ne, kuma ba ni da lokaci. Ta ce akwai wani sabon lalle da aka kawo mata, minti talatin ya kama, kuma ta san ina hutun sallah, ba ni da uzurin alwala. Ƙarfe shida za ta zo. Na duba littafi, na ga minti talatin za su shiga.

Asabar na tashi na shirya tsaf. Doguwar riga ruwan toka, baƙin mayafi, jaka da dosiye a bakin ƙofa, taksi zai zo ƙarfe bakwai. Gwaggo ta shigo da kwanon lallenta a rufe, ta shimfiɗa tsohon zani a ƙasan ɗakina ta ce in zauna in jingina da gado. Da ƙafa ta fara. Ta manna salatif mai zanen ganye, ta dambara lalle, ta naɗe da leda, ta zura safa, ta ɗaure da tsumma. Ta dawo hannu ta yi haka har wuyan hannu. Kafin in farga hannuwana sun koma kamar na ɗan dambe. Ta ɗauki wayata ta ɗora a kan kujera can gefen ɗaki, inda zan gan ta amma ba zan kai ba. Ta wanke hannu ta zauna tana jan carbi.

Na bi agogon bango da ido har ya cika.

“Gwaggo, minti talatin sun yi.”

“Sun yi.”

“To a kwance.”

“Ƙarya na yi miki, 'yar nan. Lallen gargajiya ne, irin na kakarki. Sai la'asar. Na riga na yi istigfari tun jiya.”

Na ji hon ɗin taksi a waje. Ta tashi ba gaggawa, ta fita ta sallame shi. Ni kuwa na kai tsumman baki ina ja da haƙori. Ta dawo ta same ni a haka, ta ce in ci gaba, amma in sani idan na kwance yanzu lallen zai fito dabbare-dabbare kamar ɗanyar gwanda, haka zan shiga ofisoshin Owendo da shi, kuma daga yau in nemi wata gwaggon. Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san wannan ba maganar da ake tsallakewa ba ce. Na saki tsumman.

Waya ta fara ruri. Ta yi shiru, ta sake. Kowane ƙara sai in ji shi a tsakiyar kaina. Na yi magiya, na yi bayani, na ce kajin mutane za su ruɓe, sunan kamfani zai ɓaci, Madam za ta ce na ba da kunya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ta ba ni kira ɗaya, in zaɓi wanda zan kira. Da ƙyar na ce Aminata. Ta kanga min wayar a kunne.

Ban taɓa sanin roƙo na da nauyi a baki haka ba. Na yi kame-kame, na ce wani uzuri ya taso, ko za ta iya taimaka min da kwantenar nan. Aminata ta yi dariya ta ce ai tana tasha tun ƙarfe bakwai, dama ranarta ce, jira take in zo in karɓe kamar yadda na saba.

“Shekara uku ina kusa da ke,” ta ce, “ba ki taɓa bari na kai dosiye ɗaya ƙarshe ba. Madam gani take ban iya komai ba. Ki aiko min da shi kawai.”

Ni a zatona taimakonta nake yi.

Saura yadda dosiyen zai isa Owendo. Gwaggo ta ɗauki jakar ta ce za ta ba Alhaji Mahdi, maƙwabcinmu kuma aminin Baba, wanda dama shi zai karɓi baƙin a madadin 'yan uwan Baba da ke Kano. Na kusa tashi da ƙunshin. Na ce Alhaji Mahdi da ko takardar asibitinsa sai ya kawo min na karanta masa, shi za a ba dosiye mai shafi arba'in? Zai hargitsa shi. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce Mahdi a Damagaram ya gama sakandare, ya yi shekara takwas yana akawu kafin a haife ni, Faransancinsa ya fi nawa tsufa.

“To me ya sa yake kawo min takardunsa duk Lahadi?”

“Ke kika ƙwace daga hannunsa ranar farko, kika ce bari ki yi masa. Kunyarki ya ji.”

Shekara shida, 'yan uwa. Shekara shida ina karanta wa tsohon akawu wasiƙa da ƙarfi, ina fassara masa kalma-kalma, yana gyaɗa kai yana sa min albarka.

Da ta dawo ta zo da kunun gyaɗa a kofi, ta zauna a gabana tana ba ni da cokali kamar jaririya. Na kau da kai, ta bi ni da cokalin. Ruwan sama ya fara sauka a kan kwano, irin na garin nan da ba ya sallama. Ta ce ko Ubangijin da ya wajabta min sallah ya ba ni hutun kwanaki, ni ce na fi ƙarfin in ba kaina na wuni ɗaya. Na ce ba ta gane ba ne, idan na zauna wani abu zai lalace.

“Me zai lalace?”

Na buɗe baki in lissafa, sai na rasa ta inda zan fara.

Ta ajiye kofin. Ta ce tana tuna ranar da aka kai Umma. Gida cike da mata, kowa na kuka, ta neme ni ta rasa, sai ta same ni a bayan gida ina wanke kofunan shayin masu gaisuwa. Ta ce in zo in zauna, na ce saura kaɗan.

“Shekara goma sha biyu ke nan ina jiran ki gama kofunan nan,” ta ce. “Ba ke kika kasa riƙe uwarki ba, Zubaida. Kwananta ne ya ƙare. Ko duk takardun duniya kika cike, da ta tafi.”

Na so in share fuskata, babu hannu. Ita ta share min da gefen mayafinta. Ta jawo filo ta sa min, ta ce in ɗan kishingiɗa kafin ta duba tukunya. Na ce minti biyar kawai, kuma ta tabbata an sa wa Baba farar babbar rigar da na goge, kuma kada a cika gishiri, kuma kujerun gidan Alhaji Mahdi farare za a aro, ban da masu kala. Ta ce to, to. Ban san lokacin da na daina ba da umarni ba.

Muryoyin maza ne suka tashe ni. Na kalli agogo, biyu da rabi ta wuce. Awa biyar da wani abu na yi ina barci da rana tsaka, ni da rabona da barcin rana tun ina sakandare. Ruwa ya ɗauke, ƙamshin turaren Gwaggo ya cika gidan. Na ja jiki da gwiwa da gwiwar hannu har bakin ƙofa, na sa ido a tsagar da ke kallon falo.

Abin da na gani ya kusa sa ni ihu. Kujerun roba ne kala-kala, ja da kore da wata shuɗiya mai karyayyen hannu. Baba na sanye da tsohuwar shaddarsa ruwan ƙasa, ba farar da na goge ba. Goro a cikin farantin silba na cin abincin yau da kullum. Ga labulen Umma a bayansu, a koɗe, rana na ratsa shi. Wani dattijo siriri mai farin gemu, wanda na gane Bappa Saïdou ne, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan filo yana dariya da Alhaji Mahdi, wai ashe sun taɓa zama a unguwa ɗaya a Duwala.

Sai aka yi gyaran murya. Bappa ya faɗi abin da ya kawo su, ya ce ɗansu ya ga 'yar gidan nan, sun zo nema masa. Alhaji Mahdi ya kalli Baba, Baba ya sunkuyar da kai. Alhaji Mahdi ya ce sun san yaron, sun san halinsa a unguwa, sun ba su. Aka ɗaga hannuwa aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Na sake kallon agogo. Minti ashirin. Abin da na yi shekara guda ina ɗagawa ke nan, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya ce a tambayi Zubaida.

“Koma wurinki, marar kunya,” Gwaggo ta raɗa daga bayana. “Wa ya taɓa ganin yarinya na leƙen neman aurenta?”

Na koma ina gunguni. Na ce mata ba a yi komai yadda na tsara ba. Ta ce ƙwarai, kuma ga shi an ba da ni.

Bayan baƙin sun ci abinci sun tafi, Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya kalli hannuwana a naɗe, ya yi ɗan murmushi. Na ce Baba me ya sa bai sa farar rigar ba, kuma ga labulen nan. Ya ce shaddar nan Umma ce ta zaɓa masa, labulen ma nata ne, ya ga ya kamata su shaida. Sannan ya ce ya bar min kaya da yawa tun ina ƙarama, saboda na iya, shi kuma ya ji daɗin hakan ya miƙe ƙafa. Ya ce Allah ya yi min albarka, ya juya da sauri ya tafi masallaci.

Da aka kira la'asar Gwaggo ta kwance ni. Ta kankare lallen, ta ɓare salatif, ta shafa min man zaitun. Hawaou ɗin da aka tsorata ni da ita ko zuwa ba ta yi ba. Zanen ya fito raɗau, ja mai duhu, ban taɓa ganin hannuna da kyau haka ba, amma ban tsaya kallo ba, waya na rarumo. Saƙo talatin da ɗaya.

Aminata ta turo hoton kwantenar a bayan babbar mota, ƙarfe ɗaya da kwata. Ba ta rubuta komai ba sai hoton. Na duba shi sau uku ina neman abin da ta manta, ban samu ba.

Abdulƙahar ya rubuta: “An ba ni. Bappa ya ce shinkafar ta yi gishiri, faranti biyu ya ci.” A ƙasa kuma: “Gwaggo ta ce kin yi barci. Wannan ya fi komai faranta min rai yau.” Ashe da shi aka haɗa baki. Na rubuta masa cewa zai gane kurensa, na goge, na rubuta alhamdulillahi, na tura.

Sauran duk na unguwa ne, masu tambayar ƙarfe nawa za su kawo takardu gobe. Na ƙarshe kuwa daga Madam ne, minti goma da suka wuce. Ta ce ta ji Aminata ce ta yi aikin yau, ba laifi, amma wani jirgi zai sauke gobe Lahadi, babban mai kaya ne, ita kuma ba ta yarda da kowa a kansa ba sai ni. In tabbatar mata yanzu.

Ba ta yarda da kowa ba sai ni. Kun san yadda maganar nan ta shige ni? Kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai azumi. Kafin in yi tunani yatsana ya riga ya rubuta to Madam, saura in danna. Gobe ne Bappa zai tafi, kuma Abdulƙahar ya ce dattijon na son in gaishe shi kafin ya kama hanya, ya ga yarinyar da ta sa shi tasowa daga Garwa har sau biyu. Na tsaya ina kallon jan yatsan a kan allon waya. Fatar idona ta hagu ta fara rawa.

Gwaggo na tattara ledojinta, ba ta kalle ni ba. A ƙasan kwanon akwai sauran lalle, ya kai rabi. Na goge abin da na rubuta harafi-harafi. Na rubuta cewa gobe ba zan samu zuwa ba, Aminata ta san aikin. Ban ba da dalili ba, ban ba da haƙuri sau uku kamar yadda na so ba. Na danna, na ajiye wayar a kan kujerar nan ta gefen ɗaki da hannuna, na dawo na zauna a kan zanin.

“Gwaggo,” na ce, “kamar bai kama sosai ba.”

Ta kama hannuna ta ɗaga shi wajen hasken taga. Lalle ya yi jawur har yana ƙyalli, makaho ma ya san ya kama. Ta juya shi gaba da baya, fuskarta ba alamar wasa.

“Gaskiya bai kama ba,” ta ce. “Miƙo.”

Tana cikin naɗe na dama wayar ta fara ruri. Daga inda nake zaune ina hango sunan Madam a kan allo. Shekara biyar ban taɓa barin kiranta ya yi ƙara biyu ba. Ya yi na uku, ya yi na huɗu. Gwaggo ta ja tsumma ta ƙulle, ta ce in kawo na hagu.